Shekara uku ina tafinta a shagon maganin gargajiya na China a Guangzhou

Jiya na miƙa musu farar rigarsu da katin shiga na fito, Madam mai shagon ko ɗago kai ba ta yi daga wayarta ba, tsohon likitan ne kawai ya rako ni har bakin ƙofa ya cusa min wani ƙullin busasshen ɓawon lemo a aljihu wai saboda tari. Ku da kuke zuwa sari wajajen Xiaobei kun san wajen ba sai na kama suna ba, da yawanku ma ni na zauna a tsakaninku da likitan kuna faɗa ina juyawa, yana riƙe da hannunku da yatsu uku yana cewa a fito da harshe. Har yau in na tuna ranar da ya ga harshen wani ɗan Kantin Kwari ja jawur ya ruɗe yana neman rubuta maganin zafi, sai da na ce masa goro ne, dariya nake.

To amma ba wannan ya sa na ɗauki waya ba. Maganar Alhaji ce, wadda wasu suka ji a bakin mutane an ƙara mata gishiri, gara ku ji daga bakina.

Lokacin baje kolin Canton Fair ne na watan Oktoba, shekarata ta farko, shago cike maƙil. Alhaji ya zo da ciwon gwiwa da baya, ƙafa kullum kamar ƙanƙara, shi dai ya ce sanyi ne, likita ma bayan ya gama dube-dubensa kusan abin da ya ce kenan, wai wutar jiki ta yi ƙasa sanyi ya kama gaɓoɓi. Ya rubuta haɗi, a ciki akwai fuzi. Fuzi saiwar wata shuka ce mai guba, gubar ba ta wasa ba ce, ko bayan an sarrafa ta kafin ta zo shago sai an dafa ta ita kaɗai rabin awa zuwa awa ɗaya ko fiye kafin a zuba sauran, dahuwar ce take karya gubar. Littafin ƙa'idar magunguna na ƙasar ma giram 3 zuwa 15 ya yarda da shi. Likita ya rubuta haruffa biyu a gefen sunanta, xian jian, ma'ana a fara dafa wannan. Na gan su da idona. Na san ma'anarsu, mun yi su a aji.

Shi likita na kwana bakwai ya rubuta. Madam ce ta ce in gaya wa Alhaji tunda gida zai koma ya ɗauki na wata ɗaya, kuma ni ma ina da kamasho a ciki, ba zan ɓoye ba. Aka ce a dafa masa a shago a zuba a leda kamar yadda ake yi wa kowa, ya ce a'a ruwa nauyi zai yi masa a jirgi, a ba shi busasshe. A daidai lokacin wayata tana ta ruri, wani kwastoma na kago yana jirana a Sanyuanli, sai Alhaji ya ce ɗana yaya ake haɗa shi? Na ce Alhaji kamar yadda ake dafa sassaƙe a gida ne, ka tafasa ka tace ka sha safe da yamma. Shi kenan abin da na faɗa. Na fita da gudu.

Alhaji mutum ne mai son ganin aiki da wuri. Ya koma otal ya kwance ƙulli biyu maimakon ɗaya, ya juye komai har da ɗan ƙaramin ƙullin fuzin da aka ware daban, a cikin butar shayi ta lantarki, tana tafasa ta kashe kanta, ya tace ya sha kofi biyu. Wajen ƙarfe ɗaya na dare yaronsa ya kira ni yana kuka. Da na isa na same shi a ƙasa jingine da gado ya yi amai, gumi ya jiƙe masa riga, yana ta taɓa leɓensa yana cewa ba na jin bakina, ba na jin harshena, kiyashi na yawo a hannuna. Na kama hannunsa yadda na ga likita yana yi, bugun ya yi sauri ya tsaya ya sake fizga kamar injin da mai ya ƙare masa. Na leƙa butar na ga baƙaƙen yankakkun saiwar suna yawo a sama, wallahi nan take na san me na yi. Na kira 120, lambar motar asibiti, hannuna na rawa, Sinancin da nake taƙama da shi ya gudu, da ƙyar na iya faɗin sunan titi.

Wannan gubar ba ta da makari, a asibiti sai dai su sa maka ido, su daidaita bugun zuciya da allurai da ƙarin ruwa har ta fita. Kwana biyu ina zaune a kan kujerar roba ina kallon layin nan kore yana hawa yana sauka, ina lissafin yadda zan kira iyalinsa a Kano in ce musu me. Allah Ya sa da sauran kwana.

Laifina ne, ban taɓa musu ba kuma ba zan yi ba. Amma abin da Madam ta yi min shi ne har yanzu in na tuna nake jin ɗaci a maƙogwaro. Washegari da safe ta kira ni ofis ta ajiye min takarda, wai in sa hannu cewa ni abokin Alhaji ne da ya rako shi, ba ma'aikacinsu ba, ta san sarai bizar karatu gare ni, in magana ta je wajen 'yan sanda ni zan fara kwana a ciki. Ba ta ambaci cewa ita ta mai da kwana bakwai wata ɗaya ba. Ba ta ambaci cewa ƙanwarta da ke aunawa ba ta buga jan hatimin da ake bugawa a kan irin wannan ƙulli ba. Ta wanke hannunta tas, ta cire yuan 3,000 daga kuɗina ta ce gudummawar asibiti ce, kuma daga baya na ji a bakin yaron Alhaji cewa Alhaji ne ya biya asibitin da kansa har kobon ƙarshe. Na sa hannu. Me zan yi, ina da sauran shekara biyu a makaranta.

Tsohon likitan bai ce min komai ba sai bayan sati. Ranar ya tsare ni bayan an tashi, ya ɗora tukunyar ƙasa a kan wuta ya jefa fuzi a ciki ya ce zauna. Ya hana ni taɓa waya. Awa guda cur muna kallon tukunya, in ruwa ya ja ya ƙara tafasasshe, a ƙarshe ya ɗiga a kan harshensa ya jira, ya ce in bai kashe harshe ba to ya dahu. A wannan zaman ne ya ba ni labarin qinghao, wanda da na duba hoton sai na ga ai tazargade ce tamu. Ya ce masu bincike sun yi ta dafa ta suna neman maganin zazzaɓin cizon sauro abin yana ƙin tsayawa, sai wata mai bincike Tu Youyou ta koma kan rubutun Ge Hong, wani masanin magani na ƙarni na 4, ta ga shi cewa ya yi a jiƙa a matse a sha, bai ce a dafa ba, sai ta gane zafi ne yake lalata abin, a 1971 ta fitar da shi ba tare da zafi mai yawa ba. Daga nan aka samu sinadarin da ke cikin ƙwayoyin maleriyan da muke sha yau, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Ya ce wancan wuta ce take kashe maganinsa, wannan wuta ce take kashe gubarsa, kai kuma ka ce wa mutum ya dafa kamar sassaƙe. Bai ɗaga murya ba, da ya mare ni ma da ya fi min sauƙi.

Tun daga ranar na daina yarda da maganar nan tamu ta ai na gargajiya ne, in bai yi magani ba ba zai yi illa ba. Su da suke da abin ba su ɗauke shi haka ba, aunawa suke da sikeli giram giram, kuma duk sati sai ka dawo an sake duba ka an canza haɗin. Mu ne muke zuwa mu ce a ba mu na wata uku, har da na Hajiya da na maƙwabci wanda likita bai taɓa gani ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma ga su nan. In kana shan maganin hawan jini ka faɗa tun kafin a tambaye ka, saboda gancao, saiwar nan mai zaƙi da ke cikin yawancin haɗi, tana ɗaga jini in an daɗe ana sha. Mai ciwon suga kar wani ya ce maka ka ajiye ƙwayarka, likitan kirki a can ba zai faɗa ba, masu neman kamasho ne suke faɗa. Ka tambayi me ke ciki, akwai haɗin da ake sa kunama da tana, akwai wanda ake jiƙawa da giya, ejiao kuma daga fatar jaki ake yinsa, shi ne ya sa jakunanmu suka yi tsada har Nijar ta hana fitar da su a 2016. Jiƙon tazargade ba ya maye gurbin ƙwayar maleriya. Ƙahonsu na kofin gilashi yawanci ba a tsaga fata, in kana son irin na wanzami ka yi bayani. Kar ka shiga kasuwar Qingping ka sayi saiwa don ta yi maka kama da wadda aka taɓa ba ka.

Abin da ya fi yi min amfani a jikina kuwa ko kwabo ban biya ba. Ruwan ɗumi maimakon na firji, tafiya bayan cin abincin dare, kwanciya da wuri, shayin citta in an sha ruwan sama. Tsofaffin da ke motsa jiki da asuba a lambun Yuexiu wasunsu sun girmi kakana amma sun fi ni tsayuwa a kan ƙafa ɗaya. Liangcha kam, shayinsu na ganyayyaki, na sha don dole, ya fi maɗaci ɗaci, ba zan yi kewarsa ba.

Bayan abin Alhaji na zauna na rubuta takarda da Hausa da Turanci, wani ɗan Mali ya taya ni da Faransanci, yadda ake dafawa, wane ƙulli ne farko, minti nawa, da alamun da in ka ji su ka kira 120 ba ka kira ni ba. Babu wanda ya sake fita da busasshen magani ba tare da na sa shi ya maimaita min da bakinsa ba, har wani ya taɓa ce min malam ka mai da ni ɗan firamare, na ce na ji, sake faɗa. Shekara biyu da wani abu ba a sake ɗaukar kowa a motar asibiti ba. Yanzu Madam ta buga takardar da tambarin shago a sama tana nuna wa mutane wai tsarinsu ne tun fil azal.

Alhaji ya yafe min tun yana kan gadon asibiti, duk zuwan da zai yi sai ya nemo ni mun ci abinci, yana gabatar da ni wa mutane da cewa ga yaron da ya so ya riga ni cin gadona. Gwiwar ma ya ce ta yi sauƙi, da haɗin da aka dafa masa a shago wannan karon.

Daren jiya na buɗe kwamfutar shago don in kwashe kayana, na ga fayil ɗin takardar, na ɗora hannu zan goge sai na tuna yaron da suka ɗauka a madadina wata huɗu kacal ya yi yana koyon Sinanci. Na bar musu. Dubu ukun nan dai ban yafe ba.