Manhajar da ke ciro ƙwayar sauti ɗaya daga cikin kiɗa, da abun da take yi wa goge

Duk mai ƙaramin sitidiyo a Aboabo ko Asawase a Kumasi ya san wannan ciwon kan. An gama ɗaukar waƙa, mai kibod ya karɓi kuɗinshi ya hau mota ya tafi Tamale wajen biki, sai da dare kana sauraro ka ji a wuri ɗaya yatsanshi ya zame ya taɓa abun da bai dace ba, cikin kod mai sauti huɗu uku lafiya lau ɗaya ya fita daga ki. Da can zaɓinka biyu ne kawai, ko ka jira shi ya dawo ka sake biyanshi, ko ka ɗaga ganga a wurin ka rufe ɓarnar ka yi addu'a kar wani mai kunne ya ji. Idan sautuka sun riga sun haɗu a fayil ɗaya, ciro guda daga ciki kamar ka ce za ka cire sikarin da ya narke a koko ne, haka aka koya mana, kuma haka gaskiyar take har wajen 2008.

A 2008 ɗin ne wani Bajamushe, Peter Neubäcker na kamfanin Celemony da ke Munich, ya nuna wa mutane a baje kolin kayan kiɗa na Frankfurt cewa manhajarshi Melodyne za ta iya buɗe kod ta nuna maka kowace ƙwayar sauti daban, ka kama ɗaya ka ja ta sama ko ƙasa sauran suna nan inda suke. Sun kira dabarar Direct Note Access, a gajarce DNA, ta shiga kasuwa ƙarshen 2009, a 2012 kuma kamfanin ya samu kyautar Grammy ta ɓangaren fasaha. Ita Melodyne ɗin tun 2001 take, amma lokacin murya ɗaya ko kayan kiɗa mai fidda sauti ɗaya-ɗaya kawai take iya gyarawa. Kuma dan Allah a daina haɗa ta da Auto-Tune, wancan na Antares ne na Amurka, ya fito 1997, wanda ya ƙirƙiro shi Andy Hildebrand a harkar binciken man fetur ya fara aiki. Auto-Tune yana bin murya tana tafiya yana tura ta zuwa sautin da ya fi kusa. Melodyne kuwa sai ta saurari abun duka tukuna, ta zana maka shi, sannan kai ka sa hannu.

Yanda abun yake a allo: lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, kaifin sauti daga ƙasa zuwa sama, kowace ƙwayar sauti ta fito a dunƙule mai ruwan lemo da wani siririn layi a cikinta mai nuna yanda muryar ta yi rawa. Za ka iya matsar da dunƙulen, ka tsawaita shi, ka rage mishi ƙarfi, ka rage rawar muryar, ko ka goge shi gaba ɗaya. Matsalar mai kibod ɗinmu ta zama aikin minti biyu. Har kod mai fara'a za ka iya mai da shi mai baƙin ciki, ka sauko da sautin tsakiya da rabin mataki shikenan, kuma wallahi ranar farko da mutum ya ji haka da kunnenshi sai ya ɗan tsorata.

Me yasa abun ya daɗe bai yiwu ba? Sabida babu sautin da yake shi kaɗai. Idan ka kaɗa tsarkiyar jita mai girgiza sau 220 a daƙiƙa, tana fidda wasu ƙananan sautuka a samanta, 440, 660, 880, haka har sama, waɗannan 'ya'yan ne suke sa ka bambance jita da sarewa ko da sauti ɗaya suka buga. Toh sai ka kaɗa wata tsarkiyar mai 330 tare da ita, ita ma tana da ɗa a 660. Yanzu wannan 660 ɗin na waye? Dole manhajar ta raba shi, ta ce kaza na wannan ne kaza na wancan, kuma a nan take yin kuskure. Wani lokacin ta ɗauki ɗan sauti a matsayin sauti mai zaman kanshi ta zana maka dunƙulen da ba wanda ya buga, shi yasa akwai wurin da kake shiga ka gyara mata fahimta kafin ka fara taɓa komai. Yara da yawa tsallake wannan matakin suke yi, sai abun ya fito yana wani ƙugi kamar a cikin ruwa su ce manhajar ce ba ta da kyau. Jita mai tsafta da fiyano tana jin su sosai. Jita mai ƙarar gurnani, ko abun da aka riga aka cika wa amsa-kuwwa, sai a hankali. Kuma DNA an yi ta ne don kayan kiɗa guda ɗaya a layinshi, ba don waƙar da aka gama haɗawa da murya da ganga da komai ba.

Wannan gurbin ne sababbin manhajoji suka shigo. Tun da Deezer, dandalin sauraron waƙoƙi, ta saki manhajar Spleeter kyauta a 2019, raba waƙa zuwa murya da ganguna da bes da sauran kaya ya zama ruwan dare, cikin manhajojin haɗa waƙa FL Studio ya saka nashi a 2023, Logic Pro a 2024. RipX na kamfanin Hit'n'Mix a Ingila ya haɗa biyun, ka jefa mishi waƙa cikakkiya ya tsaga ta, sannan ya nuna maka ƙwayoyin sautin kowane layi ka taɓa. Yana aiki, amma ni a kunnena yanda ya iya waƙar Turawa ba haka ya iya tamu ba, ka ba shi tsohon kaset na kiɗan biki sai ka ji goge ya maƙale a layin murya, kalangu rabi yana ganguna rabi yana bes. Ba mamaki, goge da muryar mutum a wuri ɗaya suke yawo.

Kuma gogen nan shi ne ainihin abun da ya sa na zauna rubutun nan.

Allon Melodyne idan ka buɗe shi da layukan fiyano yake zuwa, sauti 12, tsakanin kowanne da na kusa da shi sent 100, sent shi ne ma'aunin tazarar sauti. Akwai wani maɓalli da in ka ja shi zuwa ƙarshe duk dunƙulen da ke allon sai ya tafi ya zauna daidai kan layin da ya fi kusa da shi. Ga masu kiɗan zamani na Ghana, mai waƙar hiplife ko yaran asakaa da suke rerawa kan bit ɗin da aka gina da kibod, wannan daidai ne, kiɗan ma a kan layukan aka haife shi. Amma goge ba shi da matakala irin ta jita, tsagiya ce ɗaya a kan ƙwarya, makaɗin yana taɓa ta da gefen yatsu inda kunnenshi ya ce mishi, kuma inda kunnenshi ya ce ba lallai ya zama inda fiyano ya ce ba. Ita kanta fiyanon sulhu aka yi wajen saita ta, tazarar da ake kira ta uku babba a fiyano sent 400 ce, alhali wadda kunne ke ji a matsayin tsaftatacciya wajen 386 take. Kenan layin da yaro yake gani a allo yana ɗauka shi ne gaskiya, shi ma yarjejeniya ce ta mutanen wata nahiya.

Na ga wannan a wani sitidiyo nan cikin zango, ba zan faɗi na waye ba. An kawo wani dattijo mai goge ya saka wa wata waƙar aure, ya yi abunshi ya fita alwala, kafin ya dawo yaron da ke kan kwamfuta ya zaɓi layin duka ya ja maɓallin nan har ƙarshe, allon ya yi kyau tsaf, komai a jere. Aka kunna wa Baba. Ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba, sannan ya ce "Ɗana, wa ya goga wannan?" Yaron ya ce "Ku ne Baba, gyarawa kawai na yi." Ya ce "A'a, mayar mini da nawa." Da aka dawo da na asali muka kalli allon tare, akwai wani sauti da yake yawan komawa kanshi a ƙarshen kowane baiti, kullum yana zaune ƙasa da layi kaɗan, kusan wuri ɗaya duk lokacin da ya zo. Abun da ke maimaita kanshi a wuri ɗaya haka ba kuskure ba ne, nan mutumin yake nufi. Kuskuren gaske guda ɗaya ne a duk layin, wajen da bakan ya ɗan kuɓuce mishi, shi ma da kanshi ya nuna, aka gyara wannan kaɗai aka bar sauran.

Haka abun yake ga masu bege da ƙasida na lokacin maulidi, musamman waɗanda kunnensu ya saba da karin Larabawa, a can akwai sautukan da ke zama a tsakiyar maɓallan fiyano biyu, wajen sent 50 daga kowanne. Ka tura irin wannan kan layi, ko sama ko ƙasa, ka canza karin gaba ɗaya. Kalangu kuwa ba a ma magana, duk daɗinshi a zamewar nan yake lokacin da makaɗi ya matse igiyoyin da hammata sautin ya hau ya sauka yana kwaikwayon magana, in ka miƙe wannan layin ka mai da shi ganga kurma.

Abun da ke ba ni haushi shine manhajar da kanta ta ba da hanyar kauce wa duk wannan, mutane ne ba sa buɗewa. Za ka iya kashe jan da layukan ke yi gaba ɗaya ka matsar da sauti da sent ɗaya-ɗaya da hannunka. A manyan nau'o'inta akwai wani abu Scale Detective, shi sauraron abun da aka ɗauka yake yi ya fidda ma'aunin da makaɗin ya bi da kanshi, sai layukan allon su koma na Baba ba na fiyano ba, kuma za ka iya adana wannan ma'aunin ka ɗora wa kibod ɗin da ke raka shi. Ni a ganina haka ya kamata a riƙa yi, kibod ya bi goge, tunda gogen aka gayyato. Melodyne 5 da ta fito 2020 ma ta zo da wani salon sauraro na ganguna masu kaifin sauti, irin tabla ta Indiya da injin ganga 808, shi ya fi dacewa ka gwada wa kalangu ko dondo, ba salon ganga na yau da kullum ba da ke jera komai a layi ɗaya.

Maganar kuɗi, toh. Nau'i huɗu ne, essential da assistant da editor da studio, kuma shiga cikin kod ka gyara sai a biyun ƙarshe. Ƙaramin wajen dala 99 yake, babban kusan 700, ka juya wannan zuwa sidi ka ga ko waƙa nawa za ka haɗa kafin ka mayar. Na san abun da yawancinmu ke yi, ana yawo da fasassun manhajoji na sata a filashi, ba zan yi wa kowa wa'azi ba amma kwamfutar da kake cin abinci da ita ce kake jefawa cikin haɗari. Suna ba da gwajin kwana 30 kyauta, ka tara ayyukan da ke buƙatarta ka yi su a lokacin. Idan murya kawai kake gyarawa ma ba ka buƙatar ta, Cubase yana da VariAudio, Logic yana da Flex Pitch, FL yana da NewTone, duk suna yi wa murya ɗaya aikin da ya isa. Sai dai 'yan FL su sani, hanyar nan ARA da Celemony suka ƙirƙira tare da PreSonus a 2011, wadda ke sa Melodyne ta ga fayil ɗinka nan take, ta fi zama a Studio One da Cubase da Reaper da Logic, inda babu ita sai ka kunna waƙar tun daga farko manhajar ta sha ta tukuna, in ka canza wani abu ka sake.

Wani abu kuma da za mu fara rigima a kai nan gaba kaɗan: tsofaffin kaset. Yanzu yaro zai iya ɗauko waƙar wani mawaƙin da ya rasu, ya ciro muryar, ya canza mata kari, ya ɗora kan bit ya saka a TikTok, iyalan mutumin suna nan cikin unguwa ba wanda ya tambaye su. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, Act 690, tana nan, GHAMRO mai kula da haƙƙin mawaƙa tana nan, har kiɗan gargajiya da ba a san mai shi ba dokar ta ajiye shi a hannun hukuma ne, ba ta ce na kowa da kowa ba ne. Amma tun kafin a kai ga doka, ai zuwa gidan a gaisa a nemi izini bai fi ƙarfin kowa ba.

Ga wanda zai gwada, rabin aikin tun wajen ɗauka yake. Kowane kayan kiɗa a layinshi, kashe fanka ko da zafi zai kashe ku, in janareto na maƙwabta na kuka ku jira, kar ka saka amsa-kuwwa sai bayan ka gama gyara. Idan za ka ɗaga murya fiye da mataki biyu ko uku ka duba saitin formant mai kula da kaurin murya, in ba haka ba ƙaton namiji zai dawo yana waƙa da muryar yaro. Kuma kafin ka taɓa ko ƙwaya ɗaya ka kwafe fayil ɗin asali ka ajiye a wani wuri daban, sabida mai waƙar zai iya dawowa bayan sati ya ce na farkon yake so, ga kuma dumso, ɗaukewar wutar nan da ba ta sallama.