Mun fito da Gizo dandali, ga abin da idona ya gani

Ranar Asabar ɗin da ta wuce bayan sallar isha'i muka yi zaman tatsuniya karo na shida a filin wata makarantar firamare da ke unguwarmu nan Zariya, kuma har yanzu muryata ba ta dawo daidai ba, ina rubutun nan ne da kofin shayin citta a gefena. Mutane da yawa sun turo min saƙo ta WhatsApp suna tambaya wai me muke yi ne haka, wasan kwaikwayo ne ko tatsuniya, yara kaɗai ake so ko manya ma za su iya zuwa, shi ya sa na ce bari dai in zauna in yi bayani gaba ɗaya.

Mu huɗu ne. Ni, da ƙawata malamar Hausa a sakandare wadda ke kaɗa mana ƙwarya, da ƙanin maigidana da ya karanci wasan kwaikwayo a jami'a, sai wani yaro makwabcinmu mai kaɗa gurmi. Ba mu da dandamali, ba mu da labule. Tabarmi muke shimfiɗawa a zagaye, mu rataya fitilu masu caji guda huɗu a jikin bishiyar darbejiya, mai ba da labari ya tsaya a tsakiya da mayafi ɗaya da sanda ɗaya da hula. Mayafin nan shi ne kogi, shi ne fiffike, shi ne lulluɓin amarya, in an naɗe shi an rungume ya zama jariri. In labari ya kai inda ya yi zafi sai ɗaya daga cikinmu ya taso daga cikin masu kallo ya shiga ya zama Ƙoƙi ko Dodo, a yi abin a gani da ido, sannan ya koma ya zauna mai labari ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Abin da ya tura ni cikin wannan harka ƙaramin abu ne. Wata rana da daddare babu wuta, wayoyi duk sun mutu, na ce wa yarana "ga ta nan ga ta nanku" sai suka yi tsit suna kallona, autar ma cewa ta yi "Umma wace ce ta zo?" Wallahi abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Mu da muka tashi a ɗakin kakarmu, kafin ta rufe baki mun ce "ta zo mu ji ta", kuma mun san ba a tatsuniya da rana don an ce mai yi zai ɓata a kasuwa, mun san in an gama za a ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Yarana sun haddace waƙoƙin katun na Turanci kaf, amma amsar buɗe tatsuniya ba su taɓa ji ba, kuma a gidana suka tashi, a hannuna.

Da yara ƙanana muka fara, kuma su ne mafi sauƙi. Ba ma shiga labari kai tsaye, sai mun ɗumama wuri da kacici-kacici. In ce ƙulin ƙulifita, su yi ta kame-kame har wani ya ce gauta. In ce baba na ɗaka gemu na waje, ko shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Wanda ya kasa sai ya ba ni gari, to a nan ake rigima, wannan ya ce na ba ki Kano, wancan ya ce na ba ki Makka, ni kuma in ƙi karɓar garin da bai yi min ba. Kafin minti goma yaron da ya zo yana maƙale da zanen uwarsa ya matso bakin tabarmar gaba.

Labarin da suka fi so shi ne na Gizo da hankaki, wanda hankaki ke zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar ruwa, Gizo ya roƙe su kowa ya ba shi gashi ɗaya ya liƙa ya bi su, da aka isa kuma duk ɓauren da hankaka ya nufa sai ya ce shi ya riga gani, har suka fusata kowa ya zare gashinsa suka tashi suka bar shi a kan reshe. A nan yaran su ne hankakin. Kowa muna ba shi ganyen mangwaro ɗaya a matsayin gashi, su zo su soka wa ƙanin maigidana a jikin riga, in lokacin ƙwacewa ya yi kuma sai ka ga yara talatin sun yi kansa a guje. Shi kuwa ya iya tsamin bakin Gizo sosai, sarki ya koma "saiki", ruwa ya koma "yuwa", yara har kwanciya suke don dariya. Abin da na lura da shi, kuma ban taɓa ganinsa a gaban talabijin ba, shi ne yara suna gardama da labari. Wata yarinya 'yar shekara shida ta miƙe ta nuna Gizo da yatsa ta ce "Anti ƙarya yake yi, ni na riga ganin ɓauren nan!" Sai na tsaya na tambaye ta to me za mu yi masa, ta ce a bar shi ya faɗa ruwa kada ya cinye shi, wani yaro daga baya ya ce a'a a tausaya masa yana da iyali. Muka yi kusan minti biyar ana shari'ar Gizo kafin na ci gaba.

Matasa kuwa sun ba mu wuya, gaskiya. Zaman farko da muka ware musu mutum tara suka zo, su ma iyayensu ne suka turo su, suka jingina da katanga kowa fuskarsa na haske da waya. Na fara labari ina jin muryata tana faɗuwa ƙasa ba mai ɗauka. Na koma gida raina a ɓace. Ƙawata ce ta gano inda matsalar take, ta ce mun ɗauko musu labarin yara mun kuma yi musu muryar yara, wanda yake aji biyar na sakandare ba zai yarda a gan shi yana amsa "ta zo mu ji ta" a gaban 'yan mata ba sai in labarin ya taɓa abin da ke damunsa.

Sai muka canza. Muka ɗauko tatsuniyar budurwar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo ko ɗaya a jiki ba, duk saurayin da ya zo sai ƙanwarta ta rikiɗe ta zama ƙuda ta bi jikinsa ta duba, har ranar da wani kyakkyawa ya zo ba tabo ba ƙwarzane, aka ɗaura aure ta bi shi, a hanya ya fara mayar da kayan aro ɗaya bayan ɗaya, ashe Dodo ne. Kowane gari da yadda suke ba da ita, wasu su ce maciji ne, mu dai ta kakarmu na bi. Ban ambaci Instagram ko TikTok ko sau ɗaya ba, su da kansu suka kawo maganar, wata ta ce ai wannan shi ne mai hoton da aka gyara da filta, wani ya ce mota ma ta aro ce. Da muka kai inda amarya ta gane wanda ta aura sai muka tsayar da wasan cak, muka raba su gida uku, muka ce kowane rukuni ya je ya shirya ƙarshen labarin ya zo ya yi a tsakiyar fili. Rukuni ɗaya suka sa ƙanwar ta cece ta kamar yadda aka saba. Na biyu suka sa ita da kanta ta yi dabarar guduwa. Na uku, kuma wannan ne ya sa jikina ya yi sanyi, suka sa ta gudo gida iyayenta suka ce ta koma ɗakinta ta yi haƙuri, aure ɗan haƙuri ne, yarinyar da ta fito a amaryar ta tsaya a tsakiyar fili ta ce "Baba, Dodo ne fa", wanda ya fito a uban ya juya mata baya. Ba wanda ya yi dariya. 'Yan shekara sha shida ne suka shirya wannan cikin minti goma sha biyar, ba wanda ya rubuta musu.

Wannan dabarar tsayar da wasa a miƙa wa masu kallo ba mu muka ƙirƙiro ta ba, ƙanin maigidana ne ya zo da ita daga makaranta. A nan Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai gidan wasan da ake kira Drama Village wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, zagayayyun ɗakuna masu rufin ciyawa kewaye da fili kamar tsakar gidan Bahaushe. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ne ya zana shi, lokacin Michael Etherton na jagorantar koyar da wasan kwaikwayo a can, kuma daga wannan sashe ne ɗalibai suka riƙa shiga Samaru da ƙauyukan kewaye suna shirya wasa tare da mutanen gari a kan matsalolinsu. Na shiga wurin sau biyu kallon wasan ɗalibai, abin da ya burge ni shi ne duk inda ka zauna kana ganin fuskar wanda ke ɗaya gefen, in ya yi dariya ka gani, in ya share hawaye ka gani. Shi ya sa da wani ya ba mu shawarar mu kama babban ɗakin taro mai kujeru a jere na ƙi.

Da na fara bincike kuma sai na ga ashe wasu sun daɗe da yin nisa. A Ghana, Efua Sutherland ta ɗauki labaran Ananse, wanda shi ma gizo-gizo ne mai wayo da haɗama kamar namu, ta mayar da su wasan dandali tun shekarun 1960, har aka gina ɗakin ba da labari a ƙauyen Atwia, kuma ta riƙe al'adarsu ta masu sauraro su katse labari da waƙa. A Marrakesh ta Maroko masu ba da labari na tara da'irar mutane a dandalin Jemaa el-Fna, wurin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin gadon al'adun baka na duniya a 2001. Kusa da mu ma, 'yan uwanmu na Nijar suna da bikin masu tatsuniya da suka raɗa wa suna Gatan-Gatan a Dogondutsi, sunan ma daga buɗe tatsuniyar aka ɗauko shi. Mu kanmu ai muna da tashe, daga goma ga azumi yara da samari da 'yan mata na bi gida-gida da gemun auduga da tsummokara suna kwaikwayon tsoho da malami da gwauro, ga 'yan kama, ga 'yan gambara a kasuwa. Kayan aikin duk suna nan a gidanmu, abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai shimfiɗa tabarma ya sa rana.

Manya su ne ban yi tsammani ba. Da farko rakiyar yara suke zuwa, su tsaya daga baya suna hira, mazan ma a kan babur suke zama. A zama na huɗu na yi Ta Kitse, yarinyar da aka yi da kitse, sarki ya aure ta ya ce kada a bari ta kusanci rana ko wuta, ranar da ya yi tafiya kishiyoyi suka matsa mata sai ta fito ta yi aiki kamar kowa, ta fito tana narkewa suna kallo. Ƙawata tana buga ƙwarya a hankali, ni kuma ina sauke mayafin daga kaina kaɗan-kaɗan har ya zube a ƙasa. Da na ɗaga kai sai na ga hirar baya ta mutu, matan nan duk sun matso. Wata dattijuwa ta ɗaga murya ta ce "'yata, ba haka waƙar take ba", ta rera yadda uwarta ke yi musu a Katsina, muryarta na rawa, matan da ke gefenta suka kama amshi. Na ce "Hajiya don Allah ki shigo ki ƙarasa mana", ta ƙi, ta ƙi, sannan ta taso. Ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba, ko tsayawa ba ta yi ba, a zaune ta yi shi a kan kujera 'yar tsugunno, hannu kawai take motsawa da ido. Bayan an tashi wata mata ta riƙe hannuna ta ce shekararta goma sha ɗaya a gidan kishiya ba ta taɓa jin an faɗi abin da ke cikinta a bainar jama'a ba sai yau.

Akwai wahala, ba zan ɓoye ba. Ba ma karɓar kuɗin tikiti, kwano muke ajiyewa, abin da aka jefa wani lokacin ko kuɗin cajin fitilu da ruwan leda ba ya kaiwa. Mun gwada makirfo da lasifika sau ɗaya muka daina, don da zarar murya ta fito daga akwati sai yara su daina amsawa su koma 'yan kallo, to amma rashinsa ne ya sa nake shan citta yau. Akwai kuma wani bawan Allah da ya same ni cikin mutunci ya ce tatsuniya ai ƙarya ce, me ya sa za mu tara yara a kan ƙarya. Na ce masa Malam, ita tatsuniya da bakinta take faɗa a ƙarshe cewa ƙirƙira ce, ba ta taɓa cewa ta faru ba, kuma ba ma farawa sai an idar da sallah, maza gefe mata gefe, ƙarfe tara da rabi kowa ya kama hanyar gida. Bai ce ya gamsu ba, amma a zaman da ya wuce na ga 'ya'yansa biyu a tabarmar gaba.

Zama na gaba muna so ya dace da 20 ga Maris, ranar ba da labari ta duniya, in Allah ya kai mu kuma bai ci karo da wani uzuri ba. Hajiyar nan ta yarda za ta buɗe mana da tatsuniya biyu, da sharaɗin a kawo mata kujerarta kuma kada a ɗauke ta a waya. Matasan rukuni na uku sun ce su ma a ba su minti ashirin, suna shirya wani abu da suka ƙi gaya min. Duk mai zuwa ya taho da tabarmarsa, namu guda takwas ne kuma sun daina isa, in kuma akwai tsohuwa a gidanku da ta iya tatsuniya, don Allah ku lallaɓo ta ku zo da ita.