Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Igiya da Ɗamarar Hawan Dabino a Gonakin Madina

Assalamu alaikum. A makon jiya labari ya kawo mu gonakin Awali da Ƙuba, inda 'yan uwanmu Hausawa da dama ke neman abinci. Yau zan ɗan jingine labarin, domin abin da ke tafe ba zai fahimtu ba sai mai karatu ya san yadda ake hawan dabino. Akwai kuma ƙannenmu da ke shigowa wannan aiki, a miƙa musu igiya da lauje tun a makon farko, babu wanda ya zaunar da su. Saboda su na fi yin wannan rubutu.

Dabino ba shi da reshen da za ka taka ko ka rataya igiya kamar darbejiya. Ganga ce guda miƙaƙƙiya, in ta tsufa tana kai mita 15 zuwa 20, amfaninta duka yana can ƙoli. Kuma macen dabino ba hawa ɗaya take ci a shekara ba. Da sanyi a hau a cire ƙaya a datse busassun rassa, daga Fabrairu zuwa Afrilu a hau barbara (sa wa mace furen namiji), a koma rage 'ya'ya da sunkuyar da nono, a koma sa buhun raga, a koma tsinkar ruɗab (nunannen dabino mai laushi da bai bushe ba) da tsakiyar zafi, sannan girbi. Gona mai dabino 300, in ka lissafa hawa shida ga kowanne, hawa 1,800 ke nan. Sabo da kuma yawan maimaitawa su ke sa mutum ya daina duba abin da ya kamata ya duba.

Abu na farko da ake dubawa shi ne itacen kansa, tun kana ƙasa. Akwai jan ƙwaron da Larabawa ke kira susa, wanda aka fara gani a Saudiyya a Ƙaɗif a 1987, yanzu ya watsu yankunan dabino da yawa. Tsutsarsa ke cin cikin ganga ta bar bayan kamar lafiya lau. Ya fi kama dabinon da bai kai shekara 20 ba, kuma ya fi shiga ta ƙasa, daga gindi zuwa kamar mita ɗaya, musamman inda aka ɓamɓare 'ya'yan gindi aka bar ciwon a buɗe. Ka zagaya itacen. In ka ga wani ruwa mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, yana tsatsowa da warin tsami, ko tattaunannen zare ya taru a bakin rami, kada ka hau. Ka ƙwanƙwasa gangar da ƙotar lauje: lafiyayya tana amsawa da nauyi, wadda aka cinye tana amsawa kamar ƙwarya. Tsohon dabino kuma nasa maƙiyin shi ne haffar, mai huda ganga ya bar ramuka zagayayyu. Ka duba inda gangar ta tsuke ta sake kumbura, da itacen da ya fara karkata bayan da can a miƙe yake, da gindin da ban ruwa ya zaizaye. Itace irin wannan aikin motar ɗaga mutum ne, ka gaya wa mai gona haka kai tsaye. Babu igiyar da za ta cece ka in abin da ka ɗaura ta a jikinsa ne ya karye.

Sai matakala. In an yanke reshe, gindinsa mai faɗi yana saura a jikin ganga, shi ne karab, shi kake takawa. Mai gyaran karab na kirki yana yankansa a karkace, gangaren yana kallon waje don kada ruwa ya kwanta, yana barin abin da ƙafa za ta samu, kuma ba ya taɓa layukan da ke dab da koren rassa domin su ke tallafe da kan itacen. Da sanyi ake wannan aiki, lokacin da susa ba ta cika yawo ba, kuma a bi ciwon da magani nan take, don ƙamshin ɗanyen yanka ne ke kiranta. Tsohon karab yana ruɓewa ta ciki ya ɓalle a ƙarƙashin ƙafa, saboda haka ka danna shi tukuna kafin ka sakar masa nauyinka. Ƙarfen ƙafa mai tsini da ake hawan falwaya da shi ba na dabino mai rai ba ne. Gangar dabino ba ta rufe ciwo kamar sauran itatuwa, duk hudar da ka yi ta zauna ke nan.

Abin hawan gargajiya shi ne karr. Igiya ce mai kauri da ke zagaye ganga da bayan mutum, da wuri mai faɗi da ke kwanciya a ƙasan baya. Da can da zaren jikin dabino da fata ake yinta, yanzu galibi nailan ne. Yadda ake aiki da ita: ka kafa ƙafa biyu a karab, ka jingina baya har igiya ta miƙe, ka ɗan matso gaba ta saki, ka wurga ta sama da hannu biyu kamar kamu biyu, ka sake jingina, sannan ƙafa ta bi. Igiyar ta tsaya daidai ƙugu zuwa ƙirji ta bayan itacen. In ta yi ƙasa da ƙugunka za ka kife ta baya, in ta yi sama sosai za ta manna ka da ganga ƙafarka ta rasa ƙarfi.

Ina girmama karr, da ita aka yi wannan aiki shekaru aru-aru. Amma tana da rauni guda wanda dole a faɗa. Ba ta riƙe mutum sai yana jingine, ƙafarsa a kafe. A daidai lokacin da ka matso gaba don ka wurga ta, babu abin da ke riƙe da kai sai ƙafa. In ƙafa ta zame a wannan lokaci, igiyar tare da kai za ta sauko, wani lokaci ma mutum ya sulale ta ƙarƙashinta gaba ɗaya, domin ba ta kama cinya ba. Haka in jiri ya ɗebi mutum ko rina ta harbe shi ya zabura.

Maganin wannan shi ne hizami, wato ɗamarar hawa, na zama, mai maɗaurin cinya, da zobe biyu a kwiɓi da maɗauri a gaba. A jikin takardarsa ka nemi lambar inganci EN 358 da EN 813. Igiyar kwiɓi, wadda ke yin aikin karr, ana samun mai wayar ƙarfe a ciki, tsawon mita 3 zuwa 4, tana da daɗin wurgawa kuma lauje ba ya cin ta da sauƙi, amma injin zarto yana iya yanke ta, kuma ba a kai ta kusa da wayar lantarki. Ƙugiya ta zama mai makullin da ke rufe kansa, wadda sai an yi mata motsi uku take buɗewa, mai lamba EN 362. Mai murɗawa da hannu takan kwance in igiya na gogar ta. Ƙurar nan tamu tana shiga bakin ƙugiya ta hana shi rufewa, don haka kowace safiya ka buɗe ka saki ka ji ta koma da kanta. Wadda ta tsaya a hanya a wanke ta da ruwa, in ba ta gyaru ba a jefar. Hular kwano mai maɗaurin haɓa da tabarau su ma suna cikin kayan.

Igiya ta biyu ita ce ran aikin. Kaurin milimita 11 zuwa 13, mai lamba EN 1891 nau'in A, wadda ba ta tsinkewa ƙasa da nauyin kilo 2,200. Kada wannan lamba ta ruɗe ka: ƙulli kaɗai yana iya cinye kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ko fiye, kuma faɗuwar mita ɗaya a kan igiyar da ba ta miƙewa tana ninka nauyin mutum sau da yawa. Shi ya sa ba a barin sakin da ya wuce rabin mita. Shuɗiyar igiyar roba da ake sayarwa a shagunan kayan gini ta ɗaure kaya ce. Rana tana cinye ta har ta riƙa gari a hannu, kuma zafin guga yana narkar da ita da wuri. Ita kanta igiyar hawan ba a barinta a bayan wanit (motar a-kori-kura) cikin rana, kusa da batir ko galan ɗin maganin feshi. Kafin a hau a bi ta da yatsu daga kai zuwa kai. Inda ta yi laushi, ko ta kumbura, ko ta yi ƙyalli ta taurare, ko farin cikinta ya leƙo, a yanke wurin.

Ga yadda ake haɗa su. Ka zagaya ganga da igiya ta biyu ka yi mata zarge da ƙullin bolin, yadda in an ja za ta shaƙe gangar. Ka naɗa siririyar igiya mai milimita 8 a jikinta, naɗi uku, ƙullin furusik ke nan, ka maƙala shi a maɗaurin gaban hizami. Ka ƙulla ƙarshen babbar igiyar don kada furusik ya fice ta can. Tun kana taku ɗaya daga ƙasa ka zauna a kai ka ga ya kama. Kana hawa kana tura zargen sama da igiyar kwiɓi, kana tsuke saki. In ƙafa ta zame yanzu, zargen ne zai shaƙe ganga ya tsayar da kai a wurin. Gaskiya ne yana ƙara 'yan mintoci a kowane itace, kuma na san masu biya da ƙidayar itace ba sa son jin haka. Ni dai ra'ayina, dabinon da ya wuce tsayin tsani bai kamata a hau shi da ɗauri ɗaya ba.

Wuri mafi haɗari shi ne shiga kan itacen, inda dole igiyar kwiɓi ta tsallake gindin rassa. Ba a kwance ɗaya sai ɗayar tana ɗauke da nauyi. Ba a ɗaura rai a reshe guda, ko ɗanye ne, a ganga ake ɗaurawa. Kafin ka cusa hannu ka bugi wurin da lauje ka saurara, domin rina da kunama da maciji duk suna fakewa a nan. Ƙayar gindin reshe tana wuce santimita 10, bakinta yana karyewa a cikin nama. In ta shiga gwiwa ko gaɓar yatsa wurin ya kumbura, a je asibiti a faɗa musu ƙayar dabino ce, don guntunta bai cika fitowa a hoton ƙashi ba, kuma yana iya hana gaɓa lanƙwasuwa wata da watanni. Duk yankan da za ka yi, ka fara ganin inda igiyoyinka biyu suke, bakin lauje ya tafi nesa da su.

Barbara ba ta da nauyi: cikin kwana biyu zuwa huɗu da tsagewar kwanson mace, a sa silin furen namiji biyar zuwa goma a juye a tsakiyarta, gwargwadon irin dabinon, a ɗaure sako-sako da ganye. Girbi ne mai nauyi. Nonon dabino irin Safawi ko Ajwa da ya yi kyau yana haura kilo 10, kuma da zarar ka yanke shi nauyin nan zai fizge ka gefe in a hannunka yake. Igiyar sauke kaya dabam take da ta rai, launinta ma ya bambanta. A rataya bakara (ƙaramar tayar da igiya ke gudu a kanta) a ganga da nata maɗaurin, a ɗaure wuyan nonon tun kafin a yanka, na ƙasa ya tsaya can gefe ya naɗa igiyar sau ɗaya a gangar wani dabino, ya ɗauke saki, sannan na sama ya yanka. Ba a taɓa ɗaura kaya a hizami. Kuma ba a sakin komai sai an yi kira an amsa. Na sama ya ce, “Malam, zan saki!” Na ƙasa ya ce, “Saki, babu kowa!” In ba ka ji amsa ba, ba ka saki ba.

Masu aiki da kamfanonin gyaran itatuwan titi su kula da washintoniya, dabinon ado mai ganye kamar mafici. Busasshen ganyensa yana taruwa shekara da shekaru ya lulluɓe ganga. In mutum ya hau ta ƙarƙashi yana yanka, tarin yana iya sulalowa gaba ɗaya ya danne shi a kan igiyar kwiɓinsa har numfashi ya gagara, kuma an rasa rayuka ta haka a Amurka. Daga sama ake fara cire shi, da motar ɗaga mutum. Wayar lantarki kuma, kai da reshe da duk abin da ke hannunka ku bar mata aƙalla mita 3, in ba zai yiwu ba a kira masu wuta su kashe layin.

Zafin Madina yana haura digiri 45. Doka ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, kuma lokacin ruɗab a cikin wannan tsakani yake faɗawa. A fara bayan asuba, a sha ruwa kafin ƙishi. Wanda ya ji ciwon kai, ko jijiya na ɗaure masa, ko zufa ta ɗauke, ya sauko nan take. Ba a hawa a gonar da babu kowa. Dole a ƙasa a samu wanda ya iya hawa, da hizami na biyu da tsani a kusa, domin mutumin da ya suma a rataye jini yana taruwa masa a ƙafa, mintoci kaɗan ake da su a sauko da shi. Lambar motar asibiti 997, ta Difa'ul Madani (masu kashe gobara da ceto) a yankin Madina 911, kuma na ƙasan ya san sunan gonar da hanyar shigarta yadda zai iya kwatantawa da Larabci.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga lokacin girbi da kai kaya kasuwar dabino ta Madina.