Baƙin tabarau ba kayan walda ba ne

A shagunan walda na bakin titi, sau da yawa za ka tarar mutum yana haɗa ƙofar ƙarfe da baƙin tabarau na kwalliya a idonsa. Duhun gilashin yana rage walƙiyar da ido ke gani, amma bai isa ya tare hasken da ke ƙona fatar ƙwayar ido ba. Illar ba ta bayyana nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, galibi cikin dare, ido ya yi ja, hawaye ya riƙa zuba, mutum ya ji kamar an watsa masa yashi.

Gilashin walda na gaskiya yana da lamba a jikinsa mai nuna yawan duhunsa, kuma lambar ake saye. Waldar lantarki da sanda mai kaurin milimita 2.5 zuwa 3.2 tana son lamba 10 ko 11. In sandar ta kai milimita 4, aka ƙara wuta, a koma 12. Waldar gas kuwa lamba 5 ta wadatar a yawancin aiki. A sa farin gilashi mai araha a gabansa don tartsatsi ya ci wannan, ya bar mai tsadar. Garkuwar da ake ɗaurawa a kai ta fi ta riƙewa da hannu, domin tana rufe fuska da wuya, ta bar maka hannu biyu. Yaron da ke riƙe maka ƙarfe shi ma hasken na dukansa, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Wajen yanka ko goge ƙarfe da inji, farin tabarau mai rufin gefe ake sawa, don ɓarɓashi ta gefe yake shiga.

Tufafi su zama na auduga mai kauri. Rigar ƙwallo da sauran yadin roba narkewa suke yi su manne a fata. Safar hannu ta fata, doguwa, busasshiya: jiƙaƙƙiya tana ba lantarki hanya. Wando ya sauko ya rufe bakin takalmi, kada tartsatsi ya faɗa ciki.

Batun numfashi ya fi damuna. Bututu ko kwano mai rufin zinki, in aka yi masa walda, yana fitar da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan awanni. Shan madara ba ya hana shi, duk da yadda maganar ta yaɗu a tsakanin masu sana'ar. A goge rufin daga inda za a haɗa, a yi aikin inda iska ke wucewa, a sa takunkumi mai lambar FFP3 ko P100. Irin wannan takunkumi, ƙura da hayaƙin ƙarfe yake tacewa. Fesa fenti kuwa yana buƙatar takunkumi mai matatar gawayi a cikin ɗan gwangwani. Kafin fara aiki, rufe matatar da tafin hannu ka ja numfashi: in iska ta shigo ta gefe, bai zauna ba. Gemu mai yawa yana hana shi kamawa, don haka mai gemu ya ƙara dogara ga fanka mai janye hayaƙin daga fuskarsa.