Yashin da ke cinye tafkunanmu daga tudu yake gangarowa

Arzikin ƙasar Sakkwato a fadama yake kwance. Damina a nan ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa gulbi da tafki da danshin fadama ne ke riƙe da mai albasa da tafarnuwa, da mai shinkafar rani, da masunci, da makiyayin da ke neman mashaya. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya haɗu da Gulbin Rima dab da birnin Sakkwato, sannan ruwan ya zarce Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa Kwara. Rima kuma tana karɓar ruwan Bunsuru da Gagare da na Gulbin Maraɗi, wanda ke biyowa ta Nijar. Ke nan duk abin da aka yi wa ƙasa a Katsina ko Zamfara, a bakin ruwanmu ake ganin sakamakonsa.

Madatsun ruwa sun sauya wannan tsari ƙwarai. An kammala ta Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, wadda aka gina don ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ba na musun amfaninsu, domin noman rani da ruwan shan birni sun dogara da su, sai dai sun rage cikowar da gulbi ke yi duk shekara, wadda ita ce ke sake cika ƙananan tafkuna ta kuma shimfiɗa wa fadama sabuwar laka. Ba mu manta da ambaliyar Satumban 2010 ba, wadda ta cinye gonaki ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sannan a 2018 ruwan Goronyo ya ja baya har hankalin kowa ya tashi.

Amma abin da ya fi damuna ba ya zuwa da ƙara irin ta ambaliya. Wanda ya tsaya a bakin kwazazzabo bayan ruwan farko na damina zai ga ruwan da ke gudu ja ne, mai kauri kamar kunun kanwa, yana ɗauke da ƙasar gonakin tudu da aka sare itatuwansu aka kwashe karansu ƙarƙaf. Wannan ƙasa ba ta ɓacewa, a cikin tafki take zama, shekara bayan shekara, har zurfinsa ya ragu, rana ta riƙa ƙafar da shi tun kafin bazara. Mutanen Illela sun ga yadda Tafkin Kalmalo ya yi ta ja da baya. A bakin ruwa kuma manomi kan tuge jema da gamba ya yi huɗa har gaɓa, domin ƙasar wurin ta fi kyau, alhali saiwoyin ciyayin nan su ne ke tace yashi su riƙe gaɓar. Da ruwa ya zama marar zurfi, ga kuma takin zamani da ke wankowa daga gonaki, sai ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyar kwalekwale, ta hana jefa taru, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa.

Idan aka zauna taro kan tafki, kukan da aka fi yi shi ne gwamnati ta kawo injin yashewa. Yashewa tana da amfani, amma tana da tsada, kuma muddin tudu na nan tsirara, yashin da aka kwashe zai dawo. A ganina aikin daga sama ya kamata ya fara: a jera duwatsu a gicciye kan gangare, a yi kunya ta tare ruwa maimakon ta bi shi, a bar gawo da bagaruwa da suka tsiro da kansu a gona. Maƙwabtanmu na jihohin Tawa da Maraɗi sun farfaɗo da faƙo mai yawa da ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwan sama da taki, da kuma barin toho ya girma, ƙasarsu kuwa ba ta fi tamu samun ruwan sama ba. A bakin kowane tafki kuma a ware tazarar da garma ba za ta shiga ba, a mayar mata da jema, a bar wa dabbobi mashaya guda da burtalin da zai kai su, don kada kofato ya rusa gaɓa ko'ina.

Wannan doka ba za ta tsaya da takarda daga ofis kaɗai ba. Muna da Sarkin Ruwa da hakimai da ardo-ardo waɗanda maganarsu ke da nauyi, kuma tun can su ne ke hana kamun kifi a lokacin da yake ƙwai. A ƙarfafa musu gwiwa su hana zuba guba a ruwa da kamun kifi da gidan sauro, wanda ke kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Ita kuma hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, ya dace ta riƙa sanar da ranakun sakin ruwa ta rediyo da bakin masu unguwanni tun da wuri, domin mai albasa a Wurno ko Kwalkwalawa ya san lokacin dashe da lokacin janye injinsa daga bakin gulbi.