Na je gonar inabi a Kent, ni da ba na shan giya

Saƙon ya shigo ne daga shugabar sashenmu a ofis: ranar Alhamis ta farkon watan Oktoba za a fita shan iska, za a je wata gonar inabi a Kent, wani yanki a kudu maso gabashin Ingila, a zaga gona, a ɗanɗana giya, a ci abincin rana. Shekarata uku ke nan a Landan, kuma na ƙware wajen zille wa irin waɗannan taruka, yau ciwon kai, gobe yaro ba lafiya. Wannan karon ba mafaka, domin lokacin aiki ne kuma an riga an biya kuɗin kowa. Da na faɗa wa uwargida sai ta dube ni ta ce, "Malam, kai da ko ƙofar mashaya ba ka bi, me za ka je yi can?" Na ce gona zan je gani. Ta ce, "To, Allah ya tsare," irin addu'ar nan da ke ɗauke da sauran magana a cikinta.

Tun kafin mu tashi na tafka kuskuren farko. An turo mana takarda a cike, akwai wurin da aka ce mutum ya rubuta abin da ba ya ci ko ba ya sha. Na bar wurin fayau. Kunya ce ta kama ni, wai kada a ce na cika tsirfa. Wannan kunyar ita ta bar ni da yunwa har kusan ƙarfe uku.

Kuskure na biyu takalmi ne. Na saka sau-ciki na ofis mai sheƙi, alhali an kwana ana ruwa. Kafin mu gama layi na farko, laka ta yi masa rawani.

Amma gonar ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Layuka ne a miƙe kamar an ja su da zare, suna gangarowa daga kan tudu suna fuskantar kudu don su sami rana, kowace kuranga an ɗaure ta a jikin waya, tsayinta bai wuce ƙirjina ba. Matar da ke zagayawa da mu ta sunkuya ta tono wani farin dutse ta miƙa mana. Da ya iso hannuna na murza, sai ya bar min fari a yatsu. Alli ne, irin wanda malaman firamare ke rubutu da shi. Ta ce irin wannan allin ne ke ƙarƙashin yankin Shamfen na Faransa, wanda ya yi suna da giya mai kumfa, shi ne kuma fararen duwatsun gaɓar Dover. Amfaninsa shi ne yana tsotse ruwa kamar soso, saiwa ba ta ruɓewa da damina, in an yi fari kuma yana sakin danshi a hankali.

Da na ɗauka noman inabi a Ingila sabon yayi ne. Ashe a ƙididdigar filayen da aka yi a 1086 an rubuta gonakin inabi fiye da 40. Daga baya sana'ar ta mutu murus, sai a 1952 wani tsohon janar na soja, Guy Salisbury-Jones, ya dasa gona a Hambledon cikin Hampshire. Abin da ya juya al'amarin shi ne lokacin da wasu Amurkawa, miji da mata, suka dasa irin inabin Shamfen guda uku a Nyetimber cikin Sussex a 1988: Chardonnay da Pinot Noir da Pinot Meunier. Matar ta yi murmushi sosai da ta zo kan cewa a 2015 kamfanin giyar Shamfen na Faransa mai suna Taittinger da kansa ya zo ya sayi fili a Kent. Tsakanin Turawan Ingila da na Faransa akwai 'yar tsama ta shekaru aru-aru, kuma ka ga alama wannan labarin ya fi mata komai daɗin faɗa.

Daga nan aka shiga da mu ɗakin ɗanɗano. Dogon teburi, gaban kowace kujera tambulan huɗu masu dogon wuya, a tsakiya kuma ɗan bokiti na wanda zai kurkure baki ya tofar. Nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Tun ina makarantar allo na san hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma ga ni tsaye a bakin irinsa. Na yi ta lissafin dabaru, in ce waya ake kira na, in ce bayan gida zan je. Can dai na gaji da kaina, na matsa kusa da shugabarmu na ce mata ni Musulmi ne, ba na sha, kuma zan fi sakewa in jira a waje. Ta ce, "Ai da ka faɗa tun farko." Ta kira wani yaro ya kawo min kwalbar ruwan tuffa, wanda Kent ta yi suna da shi. Shi ke nan. Babu wanda ya ɗaga kai. Shekara uku ina ƙirƙirar ciwon kai a kan maganar da ba ta ɗauki minti ɗaya ba.

Fitar da na yi ita ce ribar tafiyar. A can ƙasan gona ana tsinka, sai na nufi wurin. Wani dattijo mai jar fuska da tsohuwar hula, wanda shi ke kula da kurangun, ya gan ni ina leƙe ya yafito ni. Ya tsinko ƙwaya ɗaya ta Pinot Noir ya ba ni. Ba ta kai rabin inabin kanti ba, fatarta da kauri, cikinta cike da 'ya'ya, amma da na fasa ta a baki sai zaƙi da tsami suka taho tare har na runtse ido. Ya yi dariya. Ya ce tsamin nan shi suke nema, domin giya mai kumfa ba ta son inabin da ya nuna lugub, shi ya sa sanyin Ingila ya dace da ita.

Ya ciro wani abu daga aljihu mai kama da guntun madubin hangen nesa, ya matse ɗigo ɗaya na ruwan inabi a kan gilashinsa, ya ce in ɗaga wajen haske in leƙa. Ciki akwai ma'auni, da wani layi inda shuɗi ya rabu da fari. Wannan layin ne ke faɗa masa yawan sukari, da shi yake sanin ko a tsinka yau ko a ƙara kwana uku. Kwana ukun nan kuwa caca ne. In ya jira, zaƙi ya ƙaru. In ruwa ya sauko, funfuna ta kama nonon inabin, ga rina da tsuntsaye suna jiran rabonsu.

Na tambaye shi abin da ya fi tsoro. Bai yi tunani ba ya ce sanyin ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, lokacin da tofo ya fito ɗanye shar. Dare ɗaya na daskarewar raɓa ya isa ya ƙone amfanin shekara, kamar yadda ya faru da gonaki da yawa a Afrilun 2017. A irin wannan daren sai su tashi da tsakar dare su bi layi-layi suna kunna manyan kyandirori na cikin gwangwani, ɗaruruwa, don iskar da ke kusa da ƙasa ta ɗan yi ɗumi. Ya kuma ba ni labarin 2012, shekarar da ruwa ya yi yawa har Nyetimber ta ƙi girbe ko ƙwaya ɗaya saboda inabin bai kai yadda take so ba. Kuranga kuma sai ta shekara uku kafin ta ba da amfanin kirki, sannan kwalbar ta yi wasu shekarun kwance a ɗaki mai sanyi kafin a ga kwabo. Ni ɗan manomi ne daga ƙasar Zazzau, na san fuskar mutumin da ke kallon sama yana lissafi. Ita ce dai a ƙarƙashin tsohuwar hular nan. Da na ce masa a Kudan, kusa da garinmu, ana noman inabi, sai ya tsaya da almakashi a hannu ya ce in maimaita.

Ya ba ni almakashin na gwada. Ana tallafo nonon da hannun hagu, a nemo wuyansa cikin ganye, a datse. A na biyar na haɗa da fatar yatsana. Ya ce kowa da haka yake farawa, ya miƙo min filasta daga aljihun da ma'aunin ya fito.

Abincin rana ne ya biya ni bashin takardar da ban cike ba. An fara da faranti na katako: burodi, cuku iri uku, da yankakken naman alade an shimfiɗa shi a kan cukun. Bayansa kaza, wadda da na tambaya aka ce da farar giya aka dafa miyarta. Har kayan zaƙin ƙarshe an jiƙa shi da ita. Wanda bai saba ba zai ɗauka a tambulan kawai giya take, alhali a irin wannan wuri tukunya ma tana sha. Mai hidimar ta shiga kicin ta dawo ta ce za a soya min kifi da man shanu da dankali, amma sai an gama sallamar sauran. Laifin ba nasu ba ne, da na rubuta layi ɗaya da an shirya min tun safe. Na ɗauki ruwan tuffana na koma teburin waje, inda na tarar da direban motarmu da wata abokiyar aiki mai juna biyu, su ma ba sha suke ba. Kafin kifin ya iso na yi alwala a famfon wanke takalma, na shimfiɗa rigar ruwata tsakanin layuka biyu na yi Azahar, ganye na ɗigo min a wuya.

In an sake shirya irin wannan tafiya, zan rubuta abin da ba na ci tun a takarda, in saka takalmin roba, kuma ɗakin ɗanɗano ba zai gan ni ba ko a bakin ƙofa. Gonar kam zan so in koma, musamman a watan Afrilu, in ga daren kyandirori da idona.

Da za mu tafi, abokan aiki suka yi layi a kanti suna sayen kwalabe. Dattijon ya biyo ni har bakin mota da nono biyu na inabi a cikin jakar takarda. Na kai wa uwargida. Ta wanke, ta jefa ƙwaya ɗaya a baki, ta yamutsa fuska, ta tofar da 'ya'yan a tafin hannu.

"Malam, wannan abin ka yini a kansa?" Sai kuma ta miƙa hannu ta ɗauki wata.