Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Kilifa ta Mutu a Kan Ango

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya haƙura ya bar ni na koma shagon aski a Fagge, bayan shekara biyar ina rataye da zabirarsa gida-gida. Haƙurin na fatar baki ne. Kullum da safe in na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "To, yau an kawo muku wutar kuwa?" Yana faɗa yana wasa aska a tafin hannu, ko ɗago kai ba ya yi.

Shekarar 2002 ce, damina ta zauna, ana gasar cin kofin duniya a Koriya ta Kudu da Japan. Tun a rukuni aka koro Najeriya, sai duk shagon muka koma 'yan Brazil. Oga yana da wata 'yar talabijin da ya ɗora a saman madubi. A wasan kusa da na ƙarshe da Turkiyya ne Ronaldo ya fito da wani irin aski: an kwashe kan tas, an bar ɗan gashi a gaban goshi kamar rabin faifai. Muka yi ta ƙyalƙyala dariya. Bayan kwana huɗu, ranar Lahadi 30 ga Yuni, ya zura wa Jamus ƙwallo biyu, nan dariya ta ƙare. Kafin la'asar yara sun cika bencin shagon, kowa da kuɗinsa a dunƙule a hannu, kowa askin Ronaldo yake so.

Aski ne mai sauƙi. Ka cire wa kilifa takalmi, ka bi kan da bakinta tsirara, in ka zo gaba ka zana baka ka tsaya. Minti biyar an gama. Kai nawa na yi a makon nan, Allah kaɗai ya ƙirga. Da ɗoki ya kwashe ni har ƙanina na zaunar, ɗan aji uku a firamare, na yi masa kyauta.

Da magariba muka shiga gida tare. Baba yana kan buzunsa a soro. Ya dubi kan yaron, ya dube ni. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce wa yaron, "Zo nan, ɗauko mini buta." Ya zaunar da shi a tsakanin ƙafafunsa, ya jiƙa tsirin gashin nan, ya murza masa sabulun salo, ja uku ya share shi. Sannan ya goge askar a gwiwarsa ya ce, "Wannan abin da kuke gani a akwati kuna ihu, ai zanko ne. Ni ma an bar mini ina yaro, na kuma bar wa 'ya'yan mutane, da shi da tukku. Malamai ne suka yi ta jan kunne cewa ƙaza'u ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a aske wani sashe a bar wani, ko a aske duka ko a bari duka. Muka daina. Yanzu sai da ɗan ƙwallo ya ɗauko ya dawo muku da shi sannan ya zama gayu."

Ni dai kaina a ƙasa. Can ya buɗe zabira ya zaro wata aska a cikin kubenta na fata, wadda ƙotarta ta yi sulɓi don tsufa, ya ajiye a gabana. "Sa a aljihu. Ita ba ta jiran kowa ya kawo wuta." Na ɗauka don kada in saɓa masa, amma a raina cewa nake, wa zai yarda a sa masa wannan a Fagge? Lokacin tsoron ƙanjamau ya shiga mutane sosai, rediyo kullum gargaɗi take a kan aska da reza da allura. Masu hali da kilifarsu suke zuwa a jaka. Sauran kuma ba sa zama sai sun ga ka zuba wa bakin kilifa sifirit ka ƙyasta ashana. Wannan tsoron ne ya cinye rabin cinikin Baba, ya bar shi da tsofaffi da askin suna da ƙaho, shi ya sa maganar shago take masa ɗaci.

Sati biyu askar tana aljihun wandona, har na manta da ita.

Wata ranar Juma'a da dare, bayan isha'i, wani ango ya shigo da abokansa uku. Washegari da hantsi za a ɗaura masa aure. Saisaye yake so, lamba biyu, da gyaran fuska, a fitar masa da layin goshi da saje. Oga yana kan wani, sai aka ba ni shi. Na fara daga ƙeya kenan, na haura gefen dama, hadarin da ya wuni yana haɗuwa a gabas ya taso da iska. Ƙwan fitila ya yi ja, kilifa ta yi wani gurnani, ta cije gashi, ta mutu a hannuna. Da na fizge ta sai ta tafi da wani loko bayan kunnensa, fata fes.

Oga ya fita ya hau jan janareto. Ya ja, ya ja, ya cire fulogi ya hura, ya sake ja, igiyar ta tsinke. Ruwa kuwa kamar da bakin ƙwarya. Maƙwabcinmu mai shayi ya ara mana fitilar ƙwai. Da ango ya ga kansa a madubi, rabi a kwance rabi a tsaye ga loko, sai ya yi salati ya ce, "Oga, gobe fa ake ɗaura mini aure!" Abokan suna danne dariya, ɗaya na cewa ai hula rufin asiri ce.

Ni ban san lokacin da bakina ya ce, "Yallaɓai, in ka yarda da ƙwal-kwabo, zan iya gama maka" ba. Na zaro askar. Ango ya ja baya da kujera. "Kai, wa da wa aka yi wa da wannan?" Na ce ta mahaifina ce, wanzami ne, kuma tun da ya ba ni ba ta taɓa kan kowa ba. Na wanke ta, na zuba mata sifirit na kunna a gabansa har wutar ta mutu da kanta. Ya dubi ruwan da ke zuba a waje, ya dubi madubi, ya ce, "Bismillah."

Kujerar shago ba ta aikin aska ba ce, ta yi tsawo. Na sa aka shimfiɗa sallaya a ƙasa ya zauna, na tsuguna a bayansa yadda Baba yake yi. Na karɓo ruwan ɗumi wajen mai shayi, na jiƙa kan sosai na murza sabulu, na bar shi ya sha. Gashin da bai sha ruwa ba shi ke sa mutum hawaye. Sai ka ja fata da babban yatsan hagu ta miƙe, ka kwantar da aska kamar za ta yi barci, ka bi inda gashi ya kwanta, ja gajere-gajere. In ka tsayar da ita, yanka za ta yi. Wata tara rabona da ita, amma hannun bai manta ba. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa a kan kwano da ƙarar askar, ƙyar, ƙyar. Abokin da ke riƙe da fitila har numfashi yake ɗaukewa.

An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, to ga mai askin ma haka ne, don nan ne mai kai yake kallon hannunka. A nan na ɗan tsarge shi, ɗigon jini ɗaya, na danne da auduga kafin ya lura. Ko ya lura ya yi kawaici, oho. Da na gama ya shafa kansa tun daga goshi har ƙeya, ya sake shafawa, ya ce rabonsa da jin iska a kansa haka tun yana makarantar allo. Ya ba Oga kuɗin aski, ni kuma ya cusa mini naira hamsin a aljihu.

Suna fita Oga ya haɗe rai. "Kada ka ƙara shigo mini da wuƙar nan shago. Nan ba gindin bishiya ba ne." Na ce to. Ya kuma ce hamsin ɗin nan a shagonsa aka same ta, a kawo rabi a sayi igiyar janareto.

Washegari Asabar har azahar babu wuta, mutum huɗu suna zaune a benci. Oga ya leƙa titi, ya dawo, ya matso kusa da kunnena yadda ba mai ji. "Kai, abar nan tana jikinka?"

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda maganar ta riga ni isa soron Baba, da askin sunan da ya tura ni ni kaɗai a Gwammaja.